Haƙorin da Kunyata Ta Cinye

Shekarun baya, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, na kai 'yar farina wajen likitan haƙori a Zariya. Tana da shekara bakwai a lokacin, kuma ta fara cewa ruwan sanyi yana sukarta ta can cikin baki. Likitan ya leƙa, ya kira ni ya nuna min wani ɗan baƙin kogo a turminta na ƙasa. Na ce ai da sauƙi, tunda tana kan famfara, zai faɗi wani ya fito.

Ya ce, "Hajiya, wannan ba ya cikin masu faɗuwa. Shi ne na dindindin, in ya tafi ya tafi ke nan." Ya sa mata ciko na wucin gadi, ya ba mu rana mako guda bayan Sallah a zo a yi mai ƙwari. Ya ce kafin nan a rage mata zaƙi, kada kuma ta kwanta ba ta goge baki ba.

Na dawo Ikara da ƙarfina. Na yi wa gidan doka, har maigidana sai da ya koma shan shayinsa a ɓoye. Da Sallah ta matso na ɗinka mata 'yar jaka, muka yi yarjejeniya: duk alawar da ta samo a yawon Sallah ta zubo a ciki ta kawo min, ni zan riƙa ba ta ɗaya bayan abinci, ta goge baki. Ni a dole ga malamar makaranta mai tsari.

Abin da ban saka a tsarin ba shi ne inda za mu yi Sallar. Gidan su maigidana a Gazara yake, ƙasar rake, inda ko gaisuwa ka shiga sai an haɗo ka da curin mazarƙwaila. Yarinyar kuma sunan surukata ta ci. Ga ta 'yar fari, ga ta takwarar uwar miji. A gidan nan ko sunanta ba na iya kira, balle in nuna na san tana ci ko tana sha. Haka aka tarbiyyantar da mu, uwa ta kawar da kai daga ɗan fari a gaban manya.

Ranar Sallah da yamma yara suka dawo daga zagayen gidaje. 'Yata, baiwar Allah, ta nufo ni da jakarta cike da minti, cingam, gullisuwa da alawar madara. Kafin ta iso, surukata ta tare ta.

"Zo nan takwara. Ina za ki kai?"

"Wajen Umma. Likita ya ce kar in sha."

"Likita! Ranar Sallah? Mu da muka tashi a gindin rake, wane likita ya taɓa leƙa mana baki?" Ta yi dariya, ni kuwa daga inda nake tankaɗe ina iya ƙirga haƙoran da suka rage mata a bakin, ba su fi shida ba.

Ta zazzage jakar a cinyar yarinyar, ta ƙara mata da gutsuren mazarƙwaila, ta ce ta cusa a kunci ta riƙa tsotsa a hankali. Ina ji, ina gani. Raina ya ɓaci, amma abin da na iya yi shi ne na sunkuyar da kai na ci gaba da tankaɗe.

Na samu maigidana a zaure na ce ya yi wa Inna magana, shi ɗanta ne. Ya ce, "Haba, kwana uku ne fa. So kike a ce na zo da mata tana kafa wa uwata doka?" Na ce to buroshi fa? Ya ce ai a ɗakin Inna take kwana, in je in ɗauko ta in zan iya. Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa.

Da a kwana ukun aka tsaya, da ban rubuta wannan ba. Ranar da za mu tafi, mun durƙusa muna sallama, surukata ta ce, "Ku bar min takwarata ta yi hutunta a nan." Na ɗago na kalli maigidana. Ya san da ranar likita, shi ya kai mu tasha ranar da muka je Zariya. Sai ji na yi ya ce, "To Inna, ai taki ce." Kalma ɗaya nake buƙatar furtawa a wurin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara girma."

Mako biyar ta yi. Duk lokacin da na ce a je a ɗauko ta, sai a ce min in bari a kwana biyu, kada Inna ta ji babu daɗi. Da ƙanin mijina ya dawo da ita a babur, kuncinta ɗaya ya kumbura kamar ta ɓoye ƙwai. Ya ce kada in damu, an riga an yi magani. Wai cikon ya fita, ta yi ta kuka, sai aka kira wani mai cire tsutsar haƙori ranar kasuwa. Ya turara mata hayaƙi a baki, ya nuna musu wasu 'yan fararen abubuwa a kwanon ruwa, ya ce ga tsutsotsin nan sun fito. Har tukwici Inna ta ba shi.

Washegari muka koma Zariya. Likitan bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya duba katin, ya dubi ranar da ya ba mu, ya ce ruɓar ta kai saiwa, sai dai a cire. Ni na riƙe mata hannu. Da aka gama, da auduga a bakinta, ta tambaye ni, "Umma, yaushe sabon zai fito?"

A mota na yi kukana, a gida kuma na sauke wa maigidana abin da na tara tun daga Gazara. Ya ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ba ta hana mutum buɗe baki ba, ni da shi duka mun ci amanar yarinyar nan don kada a ce ba mu da kunya.

Ban riƙe surukata a zuci ba. So ne ya sa ta, kuma abin da ta sani ta yi. Haushin da nake ji har yau na wannan shirun ne da aka koya mana, wanda ake yaba wa mace a kansa ko da ɗanta ne zai biya. Sallar da ta biyo baya, a tsakar gida, gaban kowa, na kira 'yata da ƙarfi na karɓe jakar alawar, na miƙa mata buroshi. An yi salati, an tafa hannu. Tun daga ranar sunana a Gazara "'yar bokon nan marar ta-ido", kuma ina amsawa.

Yarinyar ta zama budurwa yanzu, da gefe ɗaya take tauna nama. Duk Sallah in mun je, Inna takan jawo ta, ta ce ta buɗe baki, ta leƙa giɓin ta ce, "Ikon Allah, har yanzu bai fito ba?" Da can shiru zan yi. Yanzu kuwa, ko su wa ke zaune a wurin, nakan ɗago kai in ce, "Ba zai fito ba, Inna."