Tunda Kun Ƙoshi

Duk wanda ya saba sauka tashar Tasawa ya san Rabi'u mai igiya, tsohon nan da ke shimfiɗa igiyoyi da mangalar jakai a gindin bishiyar bedi. Mutum ne marar hayaniya, amma yana da wata ɗabi'a da ke gajiyar da maƙwabtansa. Ba ya cin abinci sai ya ce wa na kusa da shi bismillah, kamar kowa. Sai dai in ka amsa masa da alhamdulillahi, kamar yadda ake yi, to shi ma sai ya rufe kwanon ya ture gefe. Ko loma ɗaya ce sai ka sa hannu, in ba haka ba ya wuni da yunwa. Matasan tasha suna cewa tsufa ne. Ba su san cewa akwai lokacin da ƙasar nan kaf take dariya da cin abincin mutumin nan ba.

Ɗan garin Maijirgi ne. Ubansu ya rasu yana ƙarami, wansa Na Allah ne ya riƙe shi. A gona Rabi'u ba abin yabo ba ne, kunya ɗaya sai ya yi mata hutu uku. Amma ya iya kwaikwayo. Tafiyar mai gari, tarin liman, yadda dillalin shanu ke rantsuwa, duk yana da su a baki. Da soja suka karɓi mulki aka farfaɗo da samariya, ƙungiyar matasan nan, sai ya sami wurin da ake tafa wa irin halinsa. Daga wasan dandali aka kai su gasa Maraɗi, daga Maraɗi wani ya gan shi ya tafi da shi Yamai, gidan tele, wato talabijin.

Can aka ba shi sunan Ci-a-Ɓoye. Wasan bai da wuya: marowaci ne da ke zaune da kwano, da ya ji sallama sai ya tura kwanon ƙarƙashin riga, ya yi ta gaisuwa tuwo na ƙona masa cinya. Kowane mako abin ke nan, kuma kowane mako sai an yi dariya har da hawaye. A Maijirgi ana taruwa gaban telen samariya mai aiki da hasken rana, ana nuna shi ana cewa namu ne.

Na Allah kaɗai ne bai taɓa zuwa kallo ba. Ranar da Rabi'u ya zo gida da salla, ya tambaye shi, "Wai mi kake yi a Yamai ɗin?"

"Wasa nike, Yaya."

"To. In ka gama wasan ka taho mu yi aiki."

Maganar nan ta zauna wa Rabi'u a rai shekara da shekaru. Duk tafin da ake masa bai cire ta ba. Abin da yake so a duniya shi ne wansa ya zauna cikin mutanen garinsu, ya ga abin da yake yi, ya yarda cewa aiki ne. Ya ƙudura a ransa cewa tele ce ta yi ƙanƙanta. In ya fito a silima, fuskarsa ta cika bango, dole Yaya ya ɗaga kai.

To, silima ba ta karɓe shi ba. Abin da ke da daɗi minti goma sha biyar, da aka ja shi awa ɗaya da rabi sai ya salance. Fim ɗinsa na farko, da aka nuna shi a Maraɗi, tun kafin a kai rabi 'yan kallo suka fara fito da baki suna ihu a sa masu na Indiya. Rabi'u na zaune a baya, ya ja hula ya rufe ido, ya fice kafin a kunna fitila. Na biyu ko gama shi ba a yi ba. Na uku ne ya sa wa rai. An ɗauke shi a shekarar da damina ta yi kyau, aka tura ƙasar waje a wanke hotunan, ya yi shekara biyu bai dawo ba. Da ya tashi dawowa, sai ya dawo a shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi na gwiwa.

A Yamai ma an san ana fari, amma a bakin rediyo aka sani. Sau biyu Na Allah ya aiko direban motar Tasawa da saƙo cewa ana gaishe shi, kuma rumbu ya yi haske. Rabi'u ya gane sarai abin da ake nufi. Ya ce wa kansa ai tiya biyu ko uku na hatsi ba za su yi komai ba, bari dai ya je da abin da ya fi hatsi daraja. Ya yi ta zarya ofis-ofis har aka yarda motar silima mai zagaya ƙauyuka ta biya ta Maijirgi. Abin da ke hannunsa kuwa ya ɗinka sabuwar riga da shi, shuɗiya mai aiki a wuya. Wannan rigar har yau in ya tuna ta sai ya runtse ido.

Sun iso da hantsi. Tun daga bakin gari ya ga amalanke a jingine ba jakai, ya ga mutanen da ya sani riguna sun yi masu yawa. Aka tarbe shi da fara'a, ana "Ci-a-Ɓoye ya zo," amma muryoyin ba ƙarfi. Sojan da ya rako motar ya ce ba za su kwana ba, a nemi wuri mai duhu a yi abin da rana. Wuri mai duhu ɗaya ne a garin, magazar da ake tara hatsi. Ba a sha wahalar share ta ba, don babu ko buhu ɗaya a ciki.

Bayan azahar aka cika ta. Rabi'u ya hango wansa ya shigo da sanda, ya zauna can gaba kusa da bango.

Aka fara. An ɗan yi dariya da ya ɓoye kwano na farko. Daga nan sai shiru. Sai a lokacin Rabi'u ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba a fim ɗin nan: ba shi ake kallo ba, kwanukan ake kallo. Tuwo yana tururi, miya da mai a sama, fura a ƙwarya har tana zuba. Ya ji wata mata a bayansa tana haɗiyar yawu. Zufa ta karyo masa cikin sabuwar riga, don ya san abin da ke zuwa a ƙarshe, kuma ba yadda zai tsayar da inji.

A ƙarshen fim ɗin Ci-a-Ɓoye wai ya tuba da rowa. Yana zaune kwanuka sun kewaye shi, kaji biyu a gabansa, sai ya ɗago ya dubi masu kallo ido cikin ido, fuskarsa ta cika bangon magaza, ya ce, "Jama'a, bismillah!"

Nan aka shirya za a fashe da dariya. Ba wanda ya yi. An yi wa mutane tayi, kuma mai mutunci ba ya barin tayi ba amsa. Daga can gaba muryar Na Allah ta fito, a hankali, "Alhamdulillahi."

Sai sauran suka bi, maza da mata, mutanen da wasunsu tun jiya ba su sa komai a baki ba. "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi."

Mutumin da ke bango ya washe baki ya faɗi abin da aka rubuta masa shekara biyu da suka wuce: "To, tunda kun ƙoshi!" Ya naɗe hannun riga ya yage cinyar kaza.

Rabi'u ya so ƙasa ta tsage. Kunya irin wannan bai taɓa sanin akwai ta ba. Da sun zage shi, da sun yi masa fito irin na Maraɗi, da ya fi masa sauƙi. Aka buɗe ƙofa, mutane suka fita suna masa sannu da aiki. Motar ta tayar, aka yi ta kiransa, ya ce su tafi.

Ya bi wansa gida a baya. Suka zauna a zaure. Talatu matar Na Allah ta kawo ƙaramin akushi ta ajiye, ta koma ba ta dube shi ba. Anza ce a ciki, 'ya'yan dajin nan da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya ragu. Ba ta kai cin mutum ɗaya ba.

Na Allah ya dubi rigar, ya dubi mai rigar.

"Ka gama wasan?"

"Na gama, Yaya."

"To bismillah."

Bakin Rabi'u ya buɗe da kansa. "Alhamdu..."

"Kar ka hwaɗa," in ji Na Allah. "Mu mun hwaɗa, ya isa. Sa hannu."

Ya sa hannu. Ɗaci ya cika masa baki, ya tauna ya haɗiye da ƙyar, kansa a ƙasa. Da yake idonsa na kan akushin, sai ya ga hannun wansa. Yana zuwa yana komawa kamar mai ci, amma ba ya ɗaukar komai. Turo masa yake yi gabansa da ɗan yatsa.