Shekarar da Lambunmu Ya Fito Kore a Taswira

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe shekarar da lambunmu ya fito kore a taswira. Ni na jawo, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

A lokacin ni ne shugaban 'yan lambun tumatir na bakin wani tsohon tafkin kuza a wajen Naraguta. Mu kusan ashirin ne, Musulmi da Kirista, dukkanmu da ruwan tafkin nan muke noman rani. Ciyaman ake ce mini, kuma wallahi sunan ya hau mini kai.

Wata safiya sai ga malamar gona, 'yar matashiya da takalmin roba da waya a hannu. Ta ce ƙungiyarsu na zana taswirar wuraren da tsutsar tumatir ta fi yi wa barazana. Ta kakkafa mana tarkuna: roba ce da ruwa da ɗan sabulu, an rataye wani abu a samanta mai ƙamshin macen ƙwaron da ke haifar tsutsar, mazan su taho da rawar jiki su faɗa ruwa. Duk Alhamis za ta zo ta ƙirga gawarwakin ta tura ta waya. Inda suka yi yawa a shafa ja, inda babu a shafa kore, kuma jan wuri za a fara kai wa ɗauki.

Ɗauki! Na yi dariya a cikina. Tun ina da baƙin gashi ake mana wannan alkawarin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dillalai. In suka ji an ce lambunmu ja ne, ai sai su karya mana kwando son ransu.

Na tara jama'a a gindin mangwaro na zuba musu hikima. Duk Alhamis da sassafe kowa ya tsame ƙwarin tarkonsa ya zubar, amma ya bar biyu ko uku, kada yarinyar ta gane. Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa shi ya sa ake son babba a wuri. Mutum ɗaya ce ta ƙi, wata dattijuwa da muke kira Mama, wadda da lambun nan take ciyar da jikoki uku.

"Ciyaman, wannan abu ba kyau fa," in ji ta. "In ka wanke roba, ka wanke gona ne?"

"Mama, ke dai ki bar harkar kasuwa ga waɗanda suka san ta," na ce. Aka kwashe da dariya. Ta bi mu don kada a ce ita ta tona asirin jama'a.

Mako huɗu muna wannan ibadar. Gardawa da gemu, tsugune a kan roba muna zaɓen ƙwari kamar masu tsince shinkafa. Malamar ta zo ta ƙirga, ta ɗaga ido.

"Baba, ikon Allah. 'Yan lambun tsallaken titin nan tarkunansu cike suke, naku kuwa uku-uku."

"Tsafta ce, 'yata," na ce, ko kunya ban ji ba.

Taswira ta fito, mu kore shar, 'yan tsallaken titi jawur. Har wurin mai shayi na bi ciyaman ɗinsu ina masa tsiya: "Ina jajayen gari? Ya jikin tumatir?"

Ashe a wannan karon da gaske ake. Motar ƙungiyar ta zo da magani da injinan feshi, ta wuce mu da ƙura ta tsaya a tsallake. Aka koya musu cire ganyen da ya kamu a binne, aka nuna musu ranar feshi. Mu kuwa lafiyayyu, wa zai kai wa mai lafiya magani? Muna tsaye muna kallo.

Ba a yi kwana goma ba ganyenmu ya fara farin zane-zane. Sai ya bushe kamar an babbaka. Ka ɗauki tumatir jajir, ka juya shi, ga huda, ka matsa tsutsa ta leƙo. Muka ruga kasuwa muka sayo magani da ka, wannan ya ce wancan, wancan ya ce wannan. Ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dillalin da na yi duk wannan wahalar dominsa. Ya zo ya latsa tumatir biyu da babban yatsa, ya goge hannu a riga. Na ce masa ai mu kore ne a taswira.

"Wace taswira kuma, oga?" Bai taɓa jin labarinta ba. Ya tsallaka titi ya cika motarsa a can.

Alhamis ta zagayo, ba wanda ya ko tuna da wankin roba. Malamar ta leƙa tarkona ta tarar da shi baƙi ƙirin. Ta dubi lambun, ta dube ni.

"Baba, me ya faru a nan?"

Na fara kame-kamen canjin yanayi. Sai ga Mama ɗauke da kwando a ka. Ta sauke shi a gabana, ruɓaɓɓen tumatir yana tsiyayar ruwa a kan takalmina.

"Ciyaman, ga kore naka," ta ce. "Kai ka san kasuwa, ka kai ka sayar. Ni kuma ka gaya mini abin da zan dafa wa yara."

Ba wanda ya yi dariya a ranar. Garin gyaran gira na tsone idon mutum ashirin, har da wadda ta gaya mini gaskiya. Tun daga nan na gane cewa mai ɓoye ciwonsa don kada a raina shi, maganinsa yake kora. Yanzu ko ƙwaro ɗaya na gani a lambu, ni ne farkon mai kiran malamar gona.