Neman Littafin Sabon Tsari a Abijan

Mun tashi da asuba daga Buwake, ni da gwaggona, ana kiran salla muna neman wurin zama a cikin kar, wato motar safa. Ita hanyar ba baƙuwarta ba ce, albasa take kaiwa Abijan tun kafin a raba ƙasar nan biyu. Ni kuwa tun da yaƙi ya ɓarke ban taka kudu ba, kuma da don son raina ne da ban taka ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ba malamin gwamnati ba ne. Shagon mahaifina nake tsaro lokacin da malaman lakwal ɗin unguwarmu, wato makarantar boko, suka gudu kudu da iyalansu. Iyayen yara suka duba suka ga na gama sakandare, suka miƙa mini alli da ajin ƙarshe na firamare. Abin da aka koya mini shi nake koyarwa, da tsofaffin littattafan da muka tarar a ofishin direkta. Shekaru suka wuce ba a yi wa yaranmu jarrabawar ƙasa ba. Sai bana labari ya zo cewa za a yi, iri ɗaya daga bakin teku har iyakar arewa. Murnarmu ba ta kwana ba. Wani direban kar ya faɗa mana cewa a kudu makarantun gwamnati sun koma sabon tsarin karatu, kuma a kansa za a yi tambayoyi. Mu ko bangon littafin ba mu taɓa gani ba. Iyaye suka yi karo-karo suka ce in je in samo. Autar gwaggo tana ajina, shi ya sa ta ce ba za ta bar ni in je in ɓata ni kaɗai ba.

Shingen mayaƙan arewa a bakin gari bai ba mu wuya ba, rabinsu da su muka yi ƙwallo. Daga nan sai yankin da sojojin waje ke tsaro, hanya shiru, ciyawa ta cinye gefen kwalta, gidajen ƙauyuka wasu ba rufi. A Cebisu aka fara wata ƙasa. Sojojin gwamnati suka sauke mu duka, kowa da katin shaidarsa a hannu, muka jeru cikin rana. Nawa katin ya ce a Buwake aka haife ni, sunan mahaifina kuwa ya ce daga Nijar muka fito. Sojan ya daɗe yana juya shi. Ya tambaye ni aikina, na ce koyarwa. Ya ce harbi nake koyarwa ko lissafi? Na buɗe baki, gwaggo ta taka mini ƙafa da ƙarfin da har yau nake ji. Na rufe. Jika ɗaya ta fita daga bakin zaninta, katina ya dawo.

Bayan Yamusukuro hanya ta yi kyau, itatuwan kwakwar manja da na roba hagu da dama, mata suna bin kar da abarba da burodi. Ban iya cin komai ba. Gwaggo ta ci nata ta ci nawa.

Tashar Ajame, inda kar ta sauke mu a Abijan, ba tasha ba ce, gari ne da aka manta ba a yi masa tituna ba. Taɓo baƙi har idon sawu, 'yan kamasho suna jan hannun rigarka zuwa garuruwan da ba ka yi niyya ba, 'yan dako suna faɗa a kan jakar da ba ka ma sauke ba. Sai ga Hausa tana shigo mini kunne ta ko'ina, ta Maraɗi, ta Kano, da wata irin da aka dama da Faransanci da Julanci, yaren kasuwar ƙasar nan, har ta zama kunu. Muka ci garba a tsaye, acake, wato dambun rogo, da soyayyen kifi da barkono, wurin wani ɗan Tawa da ya gane gwaggo ya ƙi karɓar ko dala.

Gidan baffana, ƙanen gwaggo, yana unguwar Tireshbil bayan babban masallaci. Shi yana fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa, kullum da warin gishiri da man inji yake dawowa. 'Ya'yansa in ka gaishe su da Hausa sai su amsa da Faransanci suna dariya. Ɗaya daga cikinsu ajin ƙarshe take, kamar yarana. Na roƙe ta ta nuna mini aikin da aka ba su. Na karanta, na sake karantawa. Ba a ce raba kaza da kaza ba. Labari aka bayar na wata mata mai sayar da manja da ke son zuba shi a kwalabe ta kai kasuwa, aka ce yaro ya gano da kansa lissafin da ya dace, ya kuma faɗi dalili. Yarana sun haddace ƙa'ida kamar karatun allo, amma in aka ɗora musu wannan matar da manjanta za su zauna suna kallonta har lokaci ya ƙare.

Na je ofishin ilimi, aka ce littafin jagoran malami sai wanda ke da lambar aikin gwamnati. Na koma Ajame wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa, na sami na ɗalibai, sababbi da kwance, na cika kwali biyu bayan ciniki mai zafi. Amma jagoran ba ya kasuwa, kuma in babu shi littattafan nan kamar mota ce ba makulli.

Hanya ɗaya ta rage, wadda nake ta kauce wa. Na san tsohuwar direktar makarantarmu, wadda ta koya mini karatu da rubutu, tana koyarwa a wata makarantar gwamnati nan Tireshbil. 'Yar kudu ce. Ranar da ta gudu daga Buwake da kayan jikinta kawai ta fita. Ni kuma ga ni na zo daga wurin waɗanda suka kore ta, a kujerarta ma nake zama.

Na same ta a aji mai yara fiye da benci, da yawansu 'yan gudun hijira. Ta tsufa ƙwarai. Ta gane ni kafin in faɗi sunana, amma ba ta yi murmushi ba. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, “Wa ke cikin gidana yanzu?”

Na yi tunanin in ce ban sani ba. Amma matar nan ba a taɓa yi mata ƙarya an wuce ba. Na ce, “Madam, wani kwamanda ne da iyalinsa. An cire ƙofofin ɗakin baya.”

Ta juya ta kalli allo. Wani malami da ke tsaye a bakin ƙofa ya ji daga inda na fito, ya ce da ƙarfi bai ga dalilin da za a taimaki mutanen da suka rusa makarantu da hannunsu ba, in suna son jarrabawa su tambayi masu bindiga. Yara suka juyo suna kallona. Na miƙe zan fita. Madam ta nuna mini bencin baya da alli, kamar yadda take yi ina yaro, ta ce in zauna in rufe bakina in buɗe idona.

Na zauna a bencin nan har ƙarshen mako, gwiwoyina suna taɓa haɓata. Na ga yadda take fara darasi da tambaya maimakon ƙa'ida, ta raba yara ƙungiya-ƙungiya su yi gardama, ita tana zagayawa ba ta cewa komai sai sun gaji. Ta faɗa mini gaskiya, ita ma tsarin bai gama zama mata ba, horon da aka ba su gajere ne, kuma an tsara shi kamar aji yara kaɗan ne. Amma ta ce tunda shi ne ma'aunin da za a auna kowa, gara yaro ya san ma'aunin. Ranar ƙarshe ta sa ni na koyar a gabanta, ta gyara mini kamar ɗan aji ɗaya. Sannan ta zaro jagoranta daga jaka, duk gefen shafuka rubutunta ne da jan biro, ta miƙa mini, ta ce ita za ta yi aro wurin maƙwabciyarta. Na karɓa da hannu biyu. Ta ce yayyen yaran nan duk ita ta koyar da su, ba za a ce ƙannensu sun faɗi tana raye ba.

Ranar komawarmu gari ya tashi da hayaƙi. Baffa ya ce samari masu goyon bayan gwamnati sun tare hanyoyi, mu dakata. Gwaggo ta ce in aka rufe hanyar arewa kuma sai yaushe? Ta cusa jagoran a tsakiyar buhun acaken da ta saya na tsaraba, muka sami mai tasi da ya yarda ya haye gadar da ke tsakaninmu da tasha. Ruwan tafki lum, gada ba kowa, abin da ban taɓa jin an gani ba. Muna wuce unguwar Filato ya taka birki ya ce nan ƙarfinsa ya ƙare. Muka ɗora kaya a kan amalanke muka bi shi a ƙafa.

Dab da Ajame muka faɗa hannunsu. Tayoyi suna ci da wuta, samari da sanduna, wasu sun shafa gawayi a fuska. Mai amalanke ya sauke kayanmu ya ɓace. Suka karɓi katina, ɗaya ya karanta Buwake da ƙarfi don sauran su ji. Aka yage kwali na farko. Babbansu ya ɗaga littafi ya ce na wa ne? Na ce na yaran makaranta. Ya ce 'ya'yan 'yan tawaye. Na ce jarrabawar gwamnati za su yi. Ban san ko ya ji ba. Ya jefa littafin cikin wuta, sauran suka bi, hannu-hannu, ina tsaye ina kallon shafuka suna nannaɗewa. Wani ya riƙe wuyan rigata ta baya.

Da suka juya wajen kwali na biyu sai suka tarar gwaggo ta zauna a kansa, buhun acake a cinya, mayafi ya zame, tana numfashi sama-sama. Ta ce da Faransancinta na kasuwa, “'Ya'yana, jiri nake ji. In kun ɗaga ni na mutu, ku za ku kai ni gida.” Suka tsaya. Ɗaya ya ɗaga sanda, wani ya ce masa tsohuwa ce, ya bari. Ana cikin wannan aka ji harbi daga wajen babban titi, suka watse da gudu, katina a ƙasa cikin toka. Na ɗauka, na ɗora kwalin a ka. Matar da ke shirin mutuwa ta riga ni isa tasha.

Kar ɗaya ce ta fita arewa ranar, kuɗin mota ya kusan ninkawa, ba wanda ya yi ciniki. 

Mun iso lafiya. Littattafan da suka tsira ba su isa kowa ba, yara huɗu ko biyar ke haɗa kai a kan ɗaya, wanda dai dama haka tsarin ke so. Jagoran har yanzu yana warin acake. Darasina na farko ya watse, na yi tambaya aji ya yi tsit, suna jira in rubuta abin da za su kwafa. Sai a kwana na gaba wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce wa na kusa da ita lissafinsa ba daidai ba ne, gardama ta kaure, na ja baya na jingina da bango.

Na tafi ina jin haushin tsarin nan, ina ganin wani shinge ne aka ƙara mana a kan waɗanda muke da su. Na dawo da wani tunani. Kowane shinge da na wuce tambayata yake daga ina na fito, ɗan wane ne ni. Takardar jarrabawar nan ita kaɗai za ta yi wa ɗan Buwake da ɗan Tireshbil tambaya ɗaya, ta jira amsa. Ban san ko za mu kai ba, lokaci ya ƙure kuma malaminsu ma koyo yake. Ku sa yaran nan a addu'a. Ku sa Madam ma, wadda har yanzu ɗakin haya take kwana.