Matashin Kawu Haladu a Bakin Teku

Duk wanda ya san Kawu Haladu ya san ba ya wuce hatsi bai ciza ba. A kasuwa ne, a gidan suna ne, ko a shanyar matan maƙwabta, sai ya tsuguna ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya sa a haƙorin gaba, ya lumshe ido kamar alƙali. Hukuncin kuma biyu ne rak: ko ya ce "iri ne", ko ya ce "abinci ne". Da a kan hatsi abin ya tsaya, da sauƙi. Har mutane haka yake raba su. Babban ɗansa Alhaji Sabi'u, duk da shagonsa na kasuwar hatsi ta Dawanau da motarsa, bai taɓa wuce matsayin abinci ba. Ni kuwa ɗan ƙanwarsa, ranar da na samu aiki a gidan rediyo na je in gaya masa, sai ya ce, "Kai ko abincin ba ka kai ba. Ƙaiƙayi ne kai, shi ya sa iska ta ɗauke ka aiki."

Abin da zan ba ku labari ya faru ne cikin shekarun nan masu wuya, waɗanda ba sai na tuna muku ba. Damina ta ɗauke tun gero bai gama ido ba, taki ya gagari talaka, kafin bazara ta yi nisa gidaje da dama a ƙauyenmu sun surfe irinsu sun ci. Kawu kaɗai ya rage da irin geron zango na gadon kakanmu, wanda bai taɓa ba kowa ko zangarniya ɗaya ba. Liman da kansa ya taɓa zuwa roƙo. Kawu ya ce masa, "Ka yi haƙuri, Malam, zan sa ka a addu'a."

Ana cikin haka ciwon yanar ido ya rufe idon matarsa, Inna Laure, har ta fara zuba gishiri a koko. Sabi'u ya ce sai Masar. Inna ta ce ba inda za ta ba tare da Malam ba, wato Kawu. Malam ya ce ba inda za shi ba irinsa.

"Baba, ka bar shi a rumbu mana," in ji Sabi'u. "Wa zai taɓa?"

"Yunwa za ta taɓa. Tana da hannu a kowane gida."

"To kawo in kulle maka a shago."

"A Dawanau? In kai wa kura ajiyar nama, har in yi mata godiya?"

Sai ya sussuke abinsa da hannunsa, ya sheƙe, ya ɗura a tsohuwar atamfar Inna, ya ɗinke baki. Ya ce matashi ne, wuyansa ke ciwo. Sabi'u na cikin tafiyar, ni kuma aka haɗa su da ni saboda ɗan Larabcin Islamiyya, wanda daga baya na gano Larabcin Masar ko gaisawa ba sa yi da shi.

Tun a jirgi aka fara. Ma'aikaciya ta zo da fara'arta ta ce a sa matashin a ma'ajiyar sama. Ta kai hannu, ta ji nauyi kamar na jaririn goye, ta dube ni.

Kawu ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce a ɗora sama."

"Gaya mata ta ɗora kanta. Shi ya fi ta amfani a damina."

Na gaya mata ya gode, wuyansa ne ke ciwo. Haka ya rungume shi har Alƙahira.

Aka yi wa Inna aiki lafiya. Likita ya ce a dawo bayan kwanaki ya duba, amma a nisanta ta da hayaƙin gari. Sabi'u, wanda dama neman hanyar yawo yake, ya ce mu tafi Iskandariyya, inda Misirawa ke zuwa hutu a bakin teku. Muka kama ɗakuna can saman wani dogon bene, mai baranda tana kallon ruwa.

Washegari da muka sauka bakin tekun, Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallo. Na ce yau dai Allah ya kawo abin da zai rufe masa baki. Ina! Sai ya ce, "Ina albasar?"

"Wace albasa, Kawu?"

"Duk wannan ruwa, ba ko kwami ɗaya na albasa a bakinsa? Da dam ɗin Bagwai aka ba mutanen nan, ai da yunwa ta kashe su a kan ruwa."

Ya tsuguna ya ɗebo da tafi ya kurɓa. Ya furzar, ya goge gemu. "La'ilaha illallahu! Miya ce ba a gama ba."

Ya waiwaya ya ga mutane birjik kwance a kan yashi, manya da yara, ga wani ƙaton mutum mai tumbi ya sa roba a ƙugu yana lilo a ruwa.

"Su waɗannan asibitin ne ya cika aka fito da su waje?"

"Hutawa suke yi, Baba."

"Me suka noma?"

"Ba su noma komai ba. Hutu ne kawai."

"To gajiyar me suke hutawa?" Ya nuna mai tumbin da haɓa. "Wancan kam abinci ne. Na gidan biki ma."

Inna tana bayan baƙin tabarau, ba ta ganin komai sai haske. Ta ce, "Malam, kai dai gaya mini, yaya yake?" Ya ce, "Ba ki yi asarar komai ba, Laure. Sama ce ta faɗo ƙasa, ta ƙi tashi."

A bakin tekun nan ba a zama kyauta. Akwai mai kujeru da lema, duk inda ka nufa sai ya riga ka. Sabi'u ya kama wa Inna kujera, ya kama mana. Kawu ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa hayar wurin ajiye mazaunai ba, kuma ba a ƙasar Fir'auna zai fara ba. Ya sa na tambayi mai kujerun inda ikonsa ya ƙare. Mutumin ya yi dariya ya nuna dab da ruwa, ya ce daga can na teku ne. Kawu ya ce madalla, gara mai gida da ɗan kamasho. Can ya koma ya zauna, matashi a cinya, kullum muka zo.

Ranar da abin ya faru, la'asar ta same mu a nan. Ya ce mu zo ya ja mu salla a filinsa na kyauta. Tunda zamanmu a garin ya wuce na ƙasaru, raka'a huɗu ce cur. Ya ajiye matashin a gabansa. A garin nan kuwa, in ka fuskanci alƙibla ka ba teku baya, saboda haka ba wanda ya ga zuwan igiyar ruwa. Muna raka'a ta biyu na ji sanyi a idon sawu, sannan a gwiwa. Ruwa ya wuce mu, ya wuce liman, da zai koma ya mirgino matashin ta gefenmu, a hankali, kamar yana sallama.

A iya sanina, mamu ne ke cewa Subhanallah in liman ya yi mantuwa. Ran nan liman ne ya yi ta faɗa wa mamu. "Subhanallah!" Muka ci gaba da sallarmu. "Subhanallaaah!" Sabi'u yana ta makyarkyata a gefena, ba ta sanyi ba, ta dariya. Amma a ba Kawu haƙƙinsa, bai yanke sallar ba. Sai dai ban taɓa ganin raka'o'i biyun ƙarshe da suka yi sauri kamar waɗannan ba. Sallamar ma da gudu ya ƙarasa ta.

Wa ya tsamo matashin? Mai tumbin nan. Ya fito da shi a ka yana haki, ya miƙa da hannu biyu. Kawu ya karɓa, ya dube shi sama da ƙasa.

Sabi'u ya ce, "Baba, har yanzu abinci ne?"

"Abinci ne. Amma mai albarka."

Muka koma masauki a guje. Ya farke ɗinki, ya ɗauraye geron da ruwan famfo har sai da ya ciza bai ji gishiri ba, ya ƙwace zanen Inna ya baza a baranda. Ya tsare shi da kansa, yana juyawa da yatsu, ko abinci a nan ake kai masa. Ya ce in gero ya kwana da laima ya tsira a nan, to Misirawa sun ci gadonmu.

Ranar Juma'a geron ya kusa bushewa. Na ce in zauna gadi su je masallaci. Ya ce shi ba zai ɗauki zunubin Juma'ata ba, kuma ba zai ba ƙaiƙayi gadin tsaba ba. Ya leƙa ƙasa, ya ga motoci kamar ƙwari, ya yi lissafinsa irin na gida.

"Akuya za ta hau nan?"

"A'a."

"Kaza fa?"

"Ko zabuwa ba za ta iya ba, Kawu."

"Yaran maƙwabta?"

"Ƙofa a kulle take."

"To ɓarayin shanya sun ƙare. Mu tafi."

Ƙasa ya duba. Da ya ɗaga kai sama, da ya ga cewa kusan kowane rufin bene a unguwar akwai ɗakin tattabaru, domin mutanen Masar kiwonsu suke yi kamar yadda muke kiwon kaji. Inna kuwa ta ɗiga maganin ido ta yi barci.

Da muka dawo, tun daga titi muka ga barandarmu ta yi fari fat tana motsi. Kawu ya ce, "Wane ne ya yi mana shanya a kan shanya?" Sai shanyar ta tashi sama gaba ɗaya.

Zanen yana nan, wankakke tas, har da ɗan tukwicin da suka bari. Na jira ashar, na jira Subhanallah, ban ji ko ɗaya ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin Kawu ya rasa abin faɗa ba sai ran nan, kuma wallahi ban ji daɗin ganin ba. Sabi'u ya ce a hankali, "Baba, zan nemo maka zango a Dawanau." Ko kallonsa bai yi ba.

Sai ga Inna ta fito tana laluben bango. Ta tsaya, ta zare baƙin tabarau da aka hana ta cirewa, ta ƙifta ido. Ta ce, "Malam, matsa. Kana zaune a kan wasu."

Ta durƙusa. Ashe a tsagin daɓen baranda da gindin bango akwai ƙwayoyin da bakin tattabara bai kai ba. Matar da ta zo ƙasar nan ba ta bambanta gishiri da sukari, ita ce ta zare tsinken tsintsiya tana zaƙulo gero ɗaya bayan ɗaya tana sawa a murfin kwano. Muka ce za mu taya ta, ta ce mu ja da baya kada mu take. Har rana ta yi sanyi tana yi. Abin da ta tara bai fi cikin tafi biyu ba.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Laure, kina gani ke nan?"

"Ina gani mana. Har na ga ka tsufa."

Ya mayar da hularsa. "Sabi'u, likitan nan a koma a gaya masa ya wuce gona da iri."

Mun iso gida ana saura kaɗan ruwan shuka. Ya shuka abin nan a bayan ɗakin Inna, 'yan kunyoyi kaɗan, ya kewaye da ƙaya kamar kabarin waliyyi. Ya tsira, ba duka ba, amma ya tsira. Da kaka ta yi bai ci ko ƙwaya ba. Shekara ta zagayo ya cika gona. Daga nan ne ya yi abin da ya girgiza ƙauye: ya bi gida gida da kansa, yana ajiye zangarniya a kowace ƙofa, har ta liman, har ta Sabi'u.

Liman ya ce, "Malam Haladu, Allah ya saka da alheri. Ashe addu'ar ta karɓu."

"Kada ka yi saurin godiya, Malam. Ba kyauta ba ce, ajiya ce. In ga tattabarun da za su iya bin gidajen nan duka."

Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yarda kuskure ya yi ba. Ya ce laifin mutanen da ke kiwo a sama ne. Geron kuwa kun san shi, shi ne wanda kuke kira Ragowar Tattabara, wanda ya riƙe gidaje da yawa a shekarun da suka biyo baya, lokacin da wanda aka sayo a kasuwa ya ƙi yi.

Bana Inna Laure ce ta zaɓi zangarniyar iri ita kaɗai, tana ɗagawa a rana tana dubawa, ba mai tsaya mata a ka yana cewa ta zaɓi marar kyau. Ta ce mini aikin ya yi mata shiru da yawa.

Allah ya jiƙan Kawu Haladu, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya haskaka makwancinsa. Duk bakin da ya ci daga geron nan, na mutum da na tsuntsu, Allah ya kai ladan kabarinsa. Amin.