Yadda Muka Gyara Motar Baba a Tsakar Gida

Jiya da hantsi ɗan maƙwabciyata ya tsuguna a ƙofar gida yana juye baƙin man babur ɗinsa cikin wani tsohon kwano. Warin ya shigo har inda nake zaune ina tsince shinkafa, sai na ga na ajiye faifan ban sani ba. Kai mai karatu, idan ba ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, za ka ce wari ne kawai. Ni kuwa ya mai da ni Madarunfa, tsakar gidanmu, shekarar da idon Baba ya tafi.

Baba makanike ne kafin ya zama direba. Ƙuruciyarsa duk a garejojin Maraɗi ya yi ta, daga baya ya sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Da ita yake kwasar kifin tafki da buhunan wake da gyaɗa zuwa kasuwa, da ita muke ci. Idonsa bai tafi rana ɗaya ba. Ya fara da hazo-hazo, ya daina tuƙin yamma, sannan ya daina gaba ɗaya. Likita a Maraɗi ya ce jijiyar ce ta mutu, babu aikin da za a yi. Baba ya miƙa makullin ga wani saurayi ɗan unguwarmu, shi yake ja yana kawo abin da ya samu.

Ƙarshen daminar nan saurayin ya hau wani dutse da ruwa ya tono a hanyar garin Sarkin Yamma. Tukunyar mai da ke ƙarƙashin inji, wadda masu aikin ke kira kartar, ta tsage. Tiyon ruwa ma ya fashe. Shi kuwa da fasinja a baya, bai tsaya ba sai da inji ya yi zafi har farin hayaƙi ya turnuƙe. Shanu ne suka jawo motar zuwa gida. Sai da aka rushe gefen katanga aka turo ta ciki, ta tsaya kusa da rumbu.

Daga ranar Baba ya zama wani mutum. Da ko bayan makantar yakan fita zaure a yi hira, yanzu sai ya zauna a bakin ɗakinsa ya jingina da bango, daga salla sai salla. Tuwo yakan huce a gabansa, kaji su zo su kewaye kwanon. Ina ’yar shekara goma sha wani abu, ni ce babba a gida domin yayana ya tafi ci-rani, kuma na isa in gane cewa abin da ke damun Baba ya wuce ido.

Baffa, wato yayan Baba, shi ya riƙa ciyar da mu a watannin nan, kuma ban taɓa jin ya yi gori ba. Wata rana ya shigo ya ce ya yi magana da masu sayen matattun motoci na garin Ɗan Issa, za su zo su ɗauka su farfasa, a sayi hatsi da abin da aka samu. Baba ya ce, “Yadda ka gani, Yaya.” Ko kai bai ɗaga ba.

Inna tana bakin murhu. Mace ce da ba ta sa baki idan maza suna magana, amma ranar ta ajiye muciya ta matso ta durƙusa.

“Yaya, a yi mini haƙuri. Kafin a sai da ta, ina so maigidan ya buɗe ta ya ga abin da ya lalace.”

“Ya gani da mi?” in ji Baffa, a hankali, domin ba ya so ya ɓata wa ƙanensa rai.

“Ga ɗiyarshi nan. Idonta lahiya lau, hannunta ma lahiya lau.”

Baba ya yi wata ’yar dariya mara daɗi ya ce aikin nan ba na yara ba ne, balle ’ya mace. Inna ba ta ja da shi ba. Washegari ta sa aka kai tinkiyarta kasuwa. Da yamma ta jawo akwatin ƙarfen da kayan aikinsa suke ciki daga ƙarƙashin gado, ta ajiye a gefen tabarmarsa, ta koma aikinta. Akwatin ya kwana biyu a wurin. Sai wata safiya ina shara na ji ƙarar ƙarfe. Baba ya buɗe shi yana fito da kile, wato sifana, ɗaya bayan ɗaya, yana shafa bakin kowane da babban yatsa yana jerawa a tabarma daga ƙarami zuwa babba.

“Uwata,” ya kira ni, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “je ki zaro sandar awon mai ki gaya mini kalar abin da ke jikinta.”

Na zaro na duba. Na ce ba baƙi ba ne, kamar kunun gyaɗa yake.

“Ruwa ya shiga mai. Juwan ya ƙone.” Ya bayyana mini cewa inji hawa biyu ne, akwai gangar jiki akwai kai, kan shi ake kira kilas, kuma a tsakaninsu akwai wani siririn faifai, juwan, da ke hana ruwa da mai da wuta haɗuwa. Tun da motar ta mutu ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Lokacin kaka ne. An yanke gero, damman suna jere a kan katanga, ƙamshin ɗanyar gyaɗa da ake shanyawa ya cika gida, tafki kuma ya cika har ya kewaye kukokin bakinsa. Ina dawowa daga lakwal, wato makaranta, sai in sa tsohuwar rigar yayana in ɗaure kai. Baba yakan tsaya a gefen motar, hannunsa ya riga nawa zuwa wurin, ya taɓa ƙusar ya ce wannan, sannan ya ɗora hannuna a kai. Muka cire batir, muka zubar da ruwa da mai, muka kwance bututun hayaƙi da murfin sama. Kowane abu muka cire sai a sa shi a kwanonsa daban. Inna ta ba da kwanonin jerenta na aure da ba ta bari ko mu taɓa, suka cika da ƙusoshi masu baƙin mai.

Da muka zo ƙusoshin kilas, ya ce ba a kwance su yadda aka ga dama. Daga gefe ake farawa a shigo tsakiya, kowace a sassauta ta kaɗan a wuce, a sake zagayowa, in ba haka ba kan ya murɗe. Ƙarfina bai kai ba. Ni nake ɗora kile, shi yake ja, jijiyoyin wuyansa suna tashi. Ɗaga kilas ɗin kuwa ya fi ƙarfinmu mu biyu. Baffa, wanda kullum yakan leƙo ya girgiza kai ya fita, ranar ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya. Da kan ya tashi sai ga juwan, baƙi ƙirin, ya cinye a tsakanin ramuka biyu. Baba ya bi wurin da yatsa ya ce, “Ga ɓarawon.”

Akwai abu ɗaya da yatsansa ba zai iya ba. Bayan na kankare fuskar kilas har ta yi haske, ya sa na kife shi a kan turmi, na tsayar da ƙarfen awo miƙaƙƙe a kansa, na durƙusa ina kallo ta wajen rana. Ya ce in gaya masa ko haske yana ratsawa ta ƙarƙashin ƙarfen. Na san amsar da kowa yake so. Idan babu haske, gobe mu rufe inji. Amma a tsakiya akwai wani siririn zare na haske, kamar gashi.

“Akwai, Baba. Kaɗan ne ƙwarai.”

Ya ce, “Madalla da idon da ba ya ɓoye mini.” Baffa ne ya ɗaure kilas ɗin a buhu ya kai Maraɗi aka fere fuskarsa a inji. Ya dawo da shi, da sabon juwan, da sabon tiyon ruwa, da kartar na hannu da ya tsinto a wurin masu sai da kayan tsofaffin motoci, da wani kile mai awon ƙarfi da tsohon abokin aikin Baba ya aiko aro, haɗe da gaisuwa.

Aikin ƙasa shi ya fi ba ni tsoro. An ɗaga gaban motar, Baba ya ƙi yarda in shiga sai da aka tokare ta da gumagumai, ya bi kowane ya jijjiga da kansa. Muka kwanta rigingine a kan tabarma ni da shi, kafaɗa da kafaɗa, ƙasa tana zubo mana a fuska. Ƙusoshin kartar ƙanana ne, suna da yawa, hannuna ya fi nasa shiga lungunan. Da tukunyar ta saki, ya sa aka jawo ta waje, ya tsoma yatsu a ragowar man da ke gindinta yana murzawa a hankali. Ya riga ya gaya mini cewa idan ya ji garin ƙarfe a ciki, to cikin injin ya cinye kansa, sai mu bar wa mutanen Ɗan Issa. Inna ta daina daka. Ya murza, ya sake tsomawa ta wani gefen, ya koma ƙarƙashin motar ya kama sandunan cikin injin yana girgiza su ɗaya ɗaya. Daga can ƙasa muka ji muryarsa: “Alhamdu lillahi. Ƙashinta lahiya.” Da ya fito ya tambayi Inna ko akwai sauran fura.

Rufewa ta fi buɗewa natsuwa. Kartar, a ɗaure da sassauci kada a matse juwan ɗinsa ya tsage. Kilas kuwa daga tsakiya ake farawa a fita gefe, zagaye bayan zagaye, ni ina karanta lambar da ke jikin kile, shi yana ja har in ce ya isa. Muka zuba sabon mai da ruwa. Saurayin nan, wanda kunya ta hana shi bin layinmu tun ranar hatsarin, Baba ya aika aka kira shi, ya ce shi zai murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ta sake. A na gaba ta kama, gidan duka ya ɗauki rawa, kaji suka watse. Baba bai yi murna nan take ba. Ya ɗora tafin hannu a kan inji, ya karkata kunne, ya daɗe a haka, ya tambaye ni kalar hayaƙi, ya sa na leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Babu.

Da la’asar Baba ya ce saurayin ya kai mu filin Idi, har da Baffa. Babu kowa a wurin sai awaki can nesa. Ya ce wa saurayin ya koma baya wurin Baffa, ya laluba ya zauna a kujerar direba, ya ce in zauna kusa da shi in riƙa faɗa masa hanya. Muka tafi a hankali. Ina cewa dama kaɗan, miƙe, hagu, shi kuwa yana canza giya ba ko gargada, fuskarsa tana kallon gaba kamar yana ganin hanyar Maraɗi. Muka zagaya filin har rana ta yi ja. Da ya tsaya ya kashe inji, ya zare makullin ya miƙa wa saurayin ta taga ya ce, “In ka ga allurar zafi ta hau, ka tsaya, ko Sarki ka ɗauko.” Bai sake tuƙi ba har ya bar duniya.

Amma ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma ba a bakin ɗaki ba. Labari ya bazu, masu mota da masu injin ban-ruwa suka riƙa zuwa har daga Safo, a tayar masa da inji ya saurara ya faɗi ciwon, samari su kwance yana tsaye a kansu.

Yau abubuwa sun canza. Motocin yanzu sai an jona musu na’ura take faɗin abin da ke damunsu, kuma ban san gidan da ake buɗe inji a tsakar gida ba. Ni ban zama makanike ba, malamar lakwal na zama. Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa da Baba, ya saka musu da alheri. Inna tana nan, ta tsufa, tana zaune a wurina. Kwanan baya na tambaye ta ko da gaske ta yi zaton motar za ta tashi, har ta sai da tinkiyarta.

Ta dube ni ta ce, “Ni mi na sani ga mota? Har yau ban san gabanta da bayanta ba. Na dai ga mutum yana mutuwa daga zaune, na nemi abin da zai tashe shi tsaye.”

Sannan ta ce in miƙo mata buta, lokacin salla ya yi.