Kwamfutar Goggo Tafireta

Goggo Tafireta ta yi shekara talatin da ɗaya a ofishin makarantarmu, a kan kujerar da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Da tafireta ta fara aiki, shi ya sa sunan ya bi ta. Da aka kawo kwamfuta sai ta koya, ta riƙe ta kamar jika, har na'urar ta tsufa, masu manhajarta ma suka daina kula ta. Goggo ce ke shigar da sunayen ɗalibai a shafin jarrabawa na intanet, kuma ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya ba.

Sai ga ni, sabon malamin kwamfuta, kwalina a hammata, ina jin kaina. Kullum da safe ina kallonta. Za ta yaye zanen da take lulluɓe na'urar da shi, ta kunna, ta dubi kalandar bango, ta danna wani lungu a ƙasan allo, sannan ta shiga intanet. Ban taɓa tambayar dalili ba. A ɗakin malamai cewa nake yi, "Goggo na can tana yi wa kwamfutarta tofi." A yi ta dariya.

Ni na rubuta wa shugaban makaranta cewa ita da na'urar duk sun gaji, a hutar da su. Don tsabar rashin ta ido, ita na miƙa wa takardar ta buga. Ta buga, ta miƙo min da hannu biyu, ta ce, "Ɗana, duba ko na yi kuskure." Babu kuskure. Shugaba ya amince, aka sallame ta. Ranar da za ta tafi ta ce, "Ɗana, zo in nuna maka abu ɗaya." Na ce sauri nake yi.

Sabuwar kwamfuta ba ta iso ba, rajista ta zo, duk bayanan ɗalibai kuma suna cikin tsohuwar. Na kunna, shafin jarrabawa ya ƙi buɗewa. Na zare wayar intanet na mayar, na canja wata, na kashe akwatin sadarwa na kunna ya fi sau goma. Na nemi bairos, cutar nan ta kwamfuta, babu. Kwana uku ina zufa. Da shugaba ya matsa min, maimakon in ce ban sani ba, sai bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, ina zargin Goggo ce ta lalata ta don haushi."

Wallahi har yau in na tuna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka aika mata ta zo, malamai sun cika ofis. Shugaba ya maimaita mata maganata. Ta zauna, ta dubi kalanda, ta danna lungun nan. Ashe kwanan watan na'urar ya koma shekara goma sha huɗu baya! Ta gyara, shafi ya buɗe nan take.

"Mantuwa take yi," in ji ta. "In ba a tuna mata wace rana ce yau ba, shafin ba ya yarda da ita."

Batirin agogon ciki ne ya mutu, ɗan abu kamar maɓallin riga. Mun karanta wannan tun ajin farko na karatun kwamfuta.

Shugaba ya shiga kame-kame, wai takardar sallamarta ta riga ta wuce sama, amma zai ga abin da za a yi. Ta ce ya bar shi, zanenta kawai za ta ɗauka. Ta ninke shi a hankali, ta ce, "Shekara talatin da ɗaya, ba a taɓa kirana gaban mutane don zargi ba sai yau."

Na bi ta har bakin ƙofa, na durƙusa, na ce, "Goggo, ki yafe min."

Ta ce, "Na yafe. Ka sayo mata batiri. Sai an jima, Malam."

Ba ta sake kirana ɗana ba.