Mangwaron Baba Lauya

Baba Lauya bai taɓa karanta shari'a ba. Masinja ne a kotu har ya yi ritaya, amma ya daɗe a bakin ƙofa yana kasa kunne, shi ya sa ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya auna abin da za ta jawo masa. In ka ce, "Ina gajiya?" sai ya ce, "Wa ya ce maka na yi aiki?"

Katanga ce ta raba gidajenmu, rabin rassan mangwaronsa kuwa a wajena suke. Lokacin 'ya'ya, ko ɗaya ya faɗo mana sai ya leƙo da kwando: "Malam, dukiyata ta yi ɓatan kai."

Da damina ta kama, iska ta tumɓuke bishiyar, ta rushe katangar, ta kwantar da ita a kan ɗakin ƙarshe na gidana. Ɗakin ɗana ne, wanda ya rasu bara. Ba mu taɓa komai a ciki ba. Yanzu kwano ya tsage, ana hango sama.

Na same shi a ƙofar gida yana shan shayi.

"Baba, bishiyarka ta faɗo mana."

"Bishiyar wa? Malam, kai mai ilimi ne, iya bakinka. Ni na dasa ta? Tsirowa ta yi. Ni na hura iskar?"

"To, zan kira masu zarto."

Ya ajiye kofi. "Ka yanke dukiyar mutum ba izini? Akwai sashen doka a kan wannan."

"Kai ka yanke mana."

"In na ɗora mata gatari ai na amsa laifi ke nan. Na yi maka kama da yaro?"

Matarsa ta ɗaga murya daga ciki: "Ka ji kunya dai, tsoho!"

"Ke, ba a kira ki shaida ba."

Haka bishiyar ta zauna: tasa ce in za a sare, ta Allah ce in za a gyara rufi. Kowace safiya yana zuwa tsinkar wa akuyarsa ganye, wai akuyar ce ta jawo shi. Dattawan layi suka ce a yi haƙuri, za a zauna. Ba a zauna ba ruwa ya sake sauka.

Ni da matata muka buɗe ɗakin muka kwashe. Katifa ta sha ruwa, littattafan yaron sun manne. Ta zauna a tsakar gida tana raba shafukan da bakin wuƙa.

Baba Lauya ya tsallako ta inda katanga ta faɗi.

"Allah ya jiƙan yaro. Yaron kirki." Ya danna katifar da yatsa. "Wannan in ta bushe, Malam, tunda ba mai kwana a kai..."

A ranar na kira masu zarto. Ya tsaya a kansu yana rantsuwar sai ya maka ni kotu, yana kuma nuna musu inda za su jibge masa itacen.